Muhawara: Tirelar ɗan kasuwa ko ayarin soja, wa ya kamata ya yi dakon kayan yaƙin da aka sayar wa wata ƙasa?

Alhaji Nasiru: Assalamu alaikum. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar DICON, wato kamfanin ƙera makaman da ke Kaduna, a shekarar 2023, ake ta maganar cewa kamfanin zai fara neman kasuwa a ƙasashen Afirka. Ra'ayina shi ne, idan aka kai ga haka, gwamnati ta ba masu manyan motoci kwangilar jigilar kayan, domin aikin soja yaƙi ne, ba dako ba. Mu da muke loda hatsi a Dawanau muna kaiwa Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Kwangwalam, mun san hanyoyin nan fiye da duk wani direban bariki.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, ban yarda ba, kuma ina magana ne a matsayin wanda ya yi aikin soja har ya yi ritaya. Buhun gero idan ya ɓace asarar mutum ɗaya ce, amma akwatin harsashi ɗaya idan ya sauka a dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara, ƙauyuka ne za su biya da rayukansu. Ka tuna kwantenoni 13 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Apapa a shekarar 2010, waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne, alhali rokoki ne da gurneti daga Iran. Ta hanyar jigilar kasuwanci suka shigo.

Alhaji Nasiru: Malam Garba, wannan fasa-ƙwauri ne, ni kuwa ina maganar cinikin da gwamnati ta yi da gwamnati. Kuma ai a Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da makamai a duniya, kamfanonin sufuri masu zaman kansu ne ke ɗaukar yawancin kayan daga masana'anta zuwa tashar jirgi.

Barista Hadiza: Abin da Alhaji ya faɗa game da Amurka gaskiya ne, sai dai ya tsaya a rabin zance. Can ba kowane mai mota ne ke zuwa a loda masa ba. Sai kamfanin da rundunar soja ta tantance ta sa shi a jerin waɗanda ta amince da su, kuma idan kayan makamai ne ko harsasai ko abubuwan fashewa masu haɗari, ana wajabta direbobi biyu da aka binciki tarihinsu, ana bin sawun motar ta tauraron ɗan'adam tun daga tashinta har isarta, sannan ba a yarda ta kwana ko'ina ba sai wuraren da aka keɓe. Ƙasar da ta saya ce ke biyan kuɗin dakon, kuma a ƙa'idarsu mallakar kayan takan koma hannunta tun daga inda aka fara loda su. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin ma'anarsa ita ce idan kaya suka lalace a hanya, ba gwamnatin Amurka ce ke ɗaukar asarar ba.

Malam Garba: To, Barista, kin ƙarfafa hujjata ke nan. A ina direban tirela zai kwana tsakanin Kano da Maiduguri in ba a tasha ko gefen titi ba? Daga Maiduguri zuwa Gamboru Ngala kuwa, ko masu kayan abinci sun daɗe suna jiran rakiyar soja kafin su kama hanya. Idan dole sai soja ya raka motar, mene ne amfanin ɗan kwangila a tsakani?

Malam Kabiru: Amfaninsa shi ne motar kanta, ranka ya daɗe. Sana'ata fitar da kaya daga hannun kwastan, kuma abin da na sani shi ne motar da ke ɗaukar tankar yaƙi ko mota mai sulke ba tirela ce irin ta siminti ba. Mai ƙaramin gado ce, mai tayoyi da yawa, kuma waɗanda rundunar soja ke da su tana bukatarsu a fagen daga. Ba daidai ba ne a janye su daga Borno domin a kai wa mai saye kayansa. Ni a ganina a raba kayan gida biyu: kaki, takalma, tantuna, kayan gyaran mota da motocin da ba a ɗora musu bindiga ba, a ba 'yan kasuwa, bindigogi da harsasai kuwa su zauna a hannun soja.

Barista Hadiza: Wannan rabon ya yi kusa da yadda doka take. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, saboda haka gwamnatin Kano ba ta da ta cewa a nan, ko da motocin za su bi ta Kwanar Dawaki. Yarjejeniyar ECOWAS ta shekarar 2006 kuma ta hana shigo da ƙananan makamai, ko fitar da su, ko ratsawa da su ta ƙasar da ke cikin ƙungiyar, sai da takardar izini ta musamman. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 ba ta sauke wa Najeriya wannan nauyin ba. Kuma mu Kanawa mun ga abin da ruɗanin takarda ke jawowa: a watan Disambar 2014 an tsare wani jirgin dakon kaya na Rasha a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ɗauke da jirage masu saukar ungulu na sojojin Faransa da za a kai Chadi, kuma ba a sake shi ba sai da Faransa ta yi bayani.

Alhaji Nasiru: Na karɓi rabon Malam Kabiru, amma da sharaɗi. A rubuta a kwangila cewa alhakin mai mota ya ƙare a bakin iyaka. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, kuma mun ga yadda motoci suka yi watanni a tsaye. Mai albasa ya yi kuka ya haƙura, amma wa zai yi gadin motar da ke ɗauke da kayan soja tsawon wannan lokacin?

Malam Garba: Ni har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Kayan gyaran mota mai sulke ma kayan yaƙi ne a wurin wanda ya ƙwace irin motar yana neman yadda zai tayar da ita. Idan za a bi shawarata, ƙasar da ta saya ta turo jirgin sojanta ya ɗauka a Kaduna ko Kano, a sa hannu a miƙa mata a cikin filin jirgi, kada kayan su hau titi ko kaɗan.

Malam Kabiru: Wannan zai yiwu ga akwatunan harsashi, Malam. Motoci masu sulke ashirin kuwa, sai ka lissafa mana sawu nawa jirgin zai yi, da kuma wanda zai biya kuɗin man.