Alƙalamin dala 1,000: kadara ko almubazzaranci?

Barista: Salamu alaikum jama'a. Tunda hoton alƙalamin da na saka jiya ya jawo min tsiya har a ƙofar masallaci bayan Asuba, bari in yi maganar a nan kowa ya ji. Eh, Montblanc 149 ne, kuma ya ci kusan dala 1,000. Ina nan a kan bakana, alƙalamin tawada irin wannan kadara ne. Tun 1906 kamfanin yake aiki a ƙasar Jamus, wannan samfurin kuma tun 1952 ake ƙera shi, har yau wanda kakan wani ya saya ana gyarawa a ci gaba da rubutu. Wayar da ke hannunku shekara nawa za ta yi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, a canjin yanzu dala 1,000 ta haura naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 ne. Ko masinja ya yi shekara cur bai taɓa ko sisi ba, ba zai tara kuɗin abin da ka soke a aljihun gaba ba.

Barista: Da wannan lissafin ai motarka ma almubazzaranci ce.

Baban Ummi: Motata kullum tana kwasar yara daga Gwarinpa zuwa Wuse. Naka fa?

Hajiya Babba: Ni ban hana kowa sayen abin da ransa ke so ba, kalmar kadara ce ta tsaya min a wuya. Mu mata mun san kadara. Sarƙar gwal in ta kama yau, in kai ta kasuwar Wuse, a ɗora a sikeli, a ba ni kuɗina kafin La'asar. Kai Barista, ranar da buƙata ta taso, wa za ka kai wa alƙalami a garin nan? Da ka zuba masa tawada sau ɗaya ya zama na hannu.

Barista: Hajiya, bakinsa ma ai gwal ne.

Hajiya Babba: Duba jikin bakin. In ka ga 585, karat 14 ne. In ka ga 750, karat 18 ne. Mu ko 18 ɗin ba ma ɗaukinsa, 21 da 22 muke nema. Kuma ɗan falle ne, nauyinsa bai taka kara ya karya ba.

Injiniya: Hajiya ta gama magana a nan. Ƙari ma, tsinin da ke taɓa takarda ba gwal ba ne, ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri ake liƙawa, don gwal yana da laushi, zai cinye. Gangar jikin kuma, duk sunan yabon da aka raɗa mata, dangin roba ce mai kyau da aka goge ta yi sheƙi. Har 4810 ɗin da aka zana a bakin, tsayin dutsen Mont Blanc ne a mita. Wato da rabin kuɗin, sunan kamfani da labari ka saya.

Amma ban yarda da Baban Ummi gaba ɗaya ba. Alƙalamin tawada ya fi biro daɗin rubutu nesa ba kusa ba. Biro sai ka danna, don ƙwallon bakinsa ne ke birgima yana jawo tawada mai kauri. Wannan kuwa tawadar ruwa ce, tana bin siririn tsagin bakin da kanta, da ka ɗora a takarda ta sauka. Wanda ke rubuta shafi goma a zama ɗaya zai ji bambanci a yatsunsa. Sai dai Lamy Safari na 'yan daloli kaɗan yana yi min wannan aikin. Shekarata shida da shi.

Auta: Yaya Barista, tsakani da Allah, ban da sa hannu me kake rubutawa? Duk takardunka ai sakatare ke bugawa a kwamfuta.

Barista: Auta, ka kiyaye ni. Sa hannun ai shi ne aikin. Kuma ku bar batun nawa, ku duba masu tarawa. Akwai waɗanda ake yi ƙidayayyu, kowanne da lambarsa. Akwai Namiki na Japan, wanda ake shafa wa ƙaron itace hawa-hawa, a yayyafa garin zinariya a zana hoto da hannu. Irin waɗannan in sun ƙare a kasuwa, wasu farashinsu tashi yake.

Hajiya Babba: Wasu. Kuma sai wanda ba a taɓa zuba wa tawada ba, yana cikin kwalinsa da takardunsa, mai sayen kuma yana Landan ko Dubai. Ka ga kenan sai ka zaɓa: ko ka yi rubutu da shi, ko ka yi masa kulle kamar amarya.

Baban Ummi: Ga kuma jabu. An taɓa ba ni tsarabar wani mai farin tauraro a ka, wato tambarin Montblanc, na soke shi a farar shadda na hau jirgi zuwa ɗaurin aure a Kano. Kafin mu sauka aljihuna ya zama kamar na faɗa karofi. Daga baya aka ce min ko kusa ba na asali ba ne.

Injiniya: Wannan ko na asali ne yana iya yi. In jirgi ya yi sama, iskar da ke cikin ma'ajiyar tawadar tana buɗewa ta turo tawada waje. A cika shi taf, a tsayar da bakin sama. Abin da ya fi damuna ni hunturu ne, ka bar shi a buɗe ka amsa waya, ka dawo bakin ya bushe. Ga takardun ofisoshinmu marasa kauri, tawada ta riƙa ɓullowa ta baya. Rasit mai kabon kuwa dole biro.

Baba Hedimasta: Yara, kun tuna min da. Mu da alƙalamin Hero na Sin muka yi karatu, da kwalbar tawadar Quink, yatsu kullum shuɗi. Parker 51 sai manyan malamai, shi ne ma Hero ɗin ya kwaikwaya. Na mahaifina yana wurina har yanzu, kuma ko nawa aka taya ba zan sayar ba. Amma ban taɓa lissafa shi cikin dukiya ba. In na riƙe shi, rubutunsa nake gani a rajistar makaranta. Barista, in don wannan ka saya, ka yi ta rubutu da shi har 'ya'yanka su san hannunka. In kuwa don riba ne, da ka bi Hajiya kasuwa.

Barista: Allah ya ƙara girma, Baba. Na janye kalmar kadara. Alƙalamin dai ban janye ba.

Alaramma: Na yi shiru ne ina karatu. Ni nawa kara ne, da aska nake fiƙe shi, in ya dakushe in sake fiƙewa. Tawada a kurtu, gawayi da ƙaro. Da irinsa na rubuta izu sittin sau biyu, ban kashe kuɗin kwalin naka ba. Amma ina son in ga yadda bakin gwal zai yi da wasali. Ka zo da shi ranar Juma'a bayan an sauko.

Injiniya: Allah gafarta Malam, sharaɗi ɗaya. Kada a tsoma shi a kurtun nan. Ƙaro zai toshe hanyar tawadar, miliyan ɗaya ta tafi.

Barista: Zan zo da tawadata.

Auta: Ita kuma nawa ce kwalbar?