A kashe injin ces bayan kowane wasa ne, ko a bar shi a kunne?

BaƙinDoki:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wata 'yar manhaja da Python da ke haɗa injunan ces biyu, Stockfish da Lc0, su yi ta karawa a jere. Yanzu da wasa ya ƙare sai in aika umarnin fita, wato `quit`, in sake tada inji daga farko. Stockfish nan da nan yake tashi, amma Lc0 sai ya sake loda fayil ɗin ƙwaƙwalwarsa cikin GPU, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, abin na cin lokaci. Da na bar su a kunne kuma, wani lokacin sabon wasa sai ya buɗe da takun da doka ba ta yarda da shi ba. Me ke jawo haka?

MaiHaƙuri:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton takun tsohon wasa ne ya biyo ka. Idan wasa ya ƙare inji na tsakiyar tunani, misali lokaci ya cinye shi ko yana `ponder`, wato tunani a lokacin takun abokin karawa, to akwai `bestmove` guda, wato takun da ya zaɓa, da bai furta ba tukuna. Kai ka riga ka shimfiɗa sabon allo, shi kuwa amsar tsohon allo yake ba ka.

Ka aika `stop`, ka jira `bestmove` ɗin, ka watsar da shi. Sai `ucinewgame` don sanar da shi sabon wasa, sai `isready` don tambayar ko ya shirya, kuma kada ka aika komai sai ka ga `readyok`. Ƙa'idar UCI ta magana da injin ces, wadda aka fitar a shekarar 2000, ta ce a bi `ucinewgame` da `isready`, domin inji na iya ɗaukar lokaci yana share abin da ya ajiye. In ka ba Stockfish Hash mai yawa, wato wurin da yake ajiye lissafinsa, za ka ga jinkirin da idonka.

Sarauniya64:
Gaskiya ne, Malam, amma ba kowane inji ne ke sharewa tsaf ba. Shi ya sa cutechess-cli, manhajar haɗa injuna wasa, ke da zaɓin `restart`, tsohuwar ƙa'idar XBoard ma tana da `reuse=0` ga injin da ba ya jure wasa biyu a tashi ɗaya. Ni dai sabon injin da ban sani ba, kashe shi nake yi kowane wasa.

BaƙinDoki:
Na gode ƙwarai. To idan na aika `quit` ya ƙi fita fa?

MaiHaƙuri:
Ka ba shi 'yan daƙiƙu, sannan ka rufe shi da `terminate()` na Python, in ya yi taurin kai `kill()`. A Linux ka kira `wait()` daga baya, in ba haka ba matattun injuna za su taru a jerin ayyukan kwamfutarka.