Samfura uku sun cika ni da CNV, in cire su ko in sake biya?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a nan Abuja. An karanta min DNA ɗin yara 40 masu sikila, zurfin 30x, wato an karanta kowane wuri kusan sau 30. Da na sa CNVnator, manhajar gano CNV (wuraren da wani yankin DNA ya ɓace ko ya ninku), 37 sun fito da adadin CNV kusan ɗaya, uku kuma sun ninka sauran sau biyar. Abin da nake nema shi ne ɓacewar yankin 3.7 kb (haruffan DNA kusan 3,700) a kuromosom 16, mai jawo cutar jini ta gado da ake kira alfa talasimiya. In cire ukun, ko in biya a sake karanta su? Saura wata biyu in miƙa aiki, kuɗin tallafi kuma ya ƙare.

Sale Kubwa: Ki koma manhajar GATK kawai.

Dakta Baba: Wa alaikumus salam. Kafin ki zargi manhaja, 'yata, duba ukun nan. Zurfin karatunsu yana hawa yana sauka gwargwadon yawan haruffan G da C a DNA ɗin? Rana ɗaya aka ciro DNA ɗinsu? Sannan HBA1 da HBA2, ƙwayoyin gado biyu da ke wannan yankin, kamar Hassan da Husaini suke, karatun DNA a gajerun guntaye kan rikita su. Ko 37 ɗin nan kada ki yarda da su sai gwajin lab irin su gap-PCR ko MLPA ya tabbatar.

Maman Zara: Ni wannan ya taɓa cin ni. An ɗauke wuta ranar Juma'a, janareta ba dizal, firiza ta narke har Litinin, babu wanda ya buɗe baki. Muka tura samfuran waje a haka. Wata huɗu ina murna na gano ɓacewa a yara tara, har na nuna a taro. Da na buɗe IGV, manhajar duba karatun da ido, sai zurfin kamar haƙoran zarto, gwajin qPCR kuma bai tabbatar da ko ɗaya ba. Shekara guda ta tafi, kuma ni aka ce ban iya aiki ba.

Sale Kubwa: Sake karatu ai dala 300 ne kowane samfur.

Hadiza Lugbe: A ina? Ni 700 aka ce min, ban da kuɗin jirgi da busasshiyar ƙanƙara.

Sale Kubwa: An cuce ki, Hajiya.

Hadiza Lugbe: Malam Sale, ka taɓa tura samfur ko sau ɗaya? Kwamfuta kaɗai ka sani.

Sale Kubwa: Ku da kuka san aikin lab ai ku kuke narkar da samfurin.

Auwal: Ni dai CNV ɗin da na sani a albashina yake, kullum kwafi ɗaya a ɓace.

Maman Zara: Abin da ya fi ƙona min rai, da takardar binciken ta fito daga baya, sunana a wajen godiya aka sa. Ni na bi iyaye har Gwagwalada neman amincewarsu.

Ummu Hanifa: Dakta, na duba, rana ɗaya aka ciro ukun. To in cire su ke nan?

Hadiza Lugbe: Maman Zara, ke har godiya kika samu? Mu ko ɗanyen bayananmu ba a dawo mana da su ba.