Tambaya: Shin gindin lemun ƙasashen sanyi zai jure zafin Yawuri?

Assalamu alaikum, malaman gona da 'yan'uwa masu lambu. Ina neman shawararku a kan lambun lemun zaƙi da nake da shi a fadama kusa da Yawuri, a Jihar Kebbi. Duk damina, idan ruwa ya kwanta, sai gindin itatuwan ya tsage yana zubar da ƙaro, ganye ya yi rawaya, daga baya itacen ya bushe. Na kankare ɓawon da ya ruɓe na shafa magani, na kuma haƙa magudanar ruwa, amma cutar ba ta daina ba.

An ba ni shawarar in sake dashe da lemun da aka aura, wato aka haɗa reshensa a kan gindin wani irin lemu mai suna Swingle, wanda aka samar a Fulorida ta Amurka a 1907 ta hanyar barbarar garehul da wani lemun ƙasar Sin mai ƙaya da ganye uku-uku, wanda ke jure ƙanƙara har yana kaɗe ganyensa lokacin sanyi. An san gindin da jure ruɓar saiwa, sai dai ba ya son ƙasa mai farar ƙasa da yawa ko laka mai nauyi, kuma fadamata laka ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hunturunmu bai kai sanyin da zai kashe lemu ba, zafin Afrilu mai wuce digiri 40 shi ne abin tsoro. Ko akwai wanda ya gwada wannan gindi a Kebbi ko Zamfara ya ga yadda ya yi da bazara? Idan bai dace ba, wane gindi kuka ga ya fi jure laka mai riƙe ruwa?