Abin da aka tattauna kan kyamarar shago da sirrin mutane

Jama'a, ga abin da na tattaro game da kyamarorin da 'yan kasuwar Birnin Kebbi ke haɗawa da waya:

1. Kowa ya yarda a sauya lambar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga kamfani, irin su admin ko 12345. Da su masu kutse ke fara gwaji.
2. A buɗe asusun manhajar kyamarar da imel ɗin mai shago. In da na mai saka kyamarar aka buɗe, daga gidansa zai riƙa kallonka. Wannan ya fi damuna.
3. Kada kyamarar ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

An rabu kan inda za a ajiye hotunan. Wasu sun zaɓi katin memori, tunda hoton bai bar shago ba. Wasu suka ce ɓarawo kan ɗauke kyamara da katinta, gara a ajiye a intanet.