Sifirin ɗin ƙofar shagona ya tsinke a tsakiyar bazara, wa ya taɓa canzawa?

Mai shagon taki, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Ƙofar shagona irin mai naɗewa sama ɗin nan ce, shata, shekara 8 kenan da saka ta. Shekaranjiya na dawo daga sallar azahar na kama zan ɗaga sai naji wata ƙara kamar taya ta fashe, kafin in ankara ƙofar ta dawo ƙasa da ƙarfi, wallahi saura kaɗan ta sauka a kan yatsun ƙafata. Yanzu sai mu uku muke ɗaga ta mu tokare da icce, ga yara na shiga suna fita, hankalina bai kwanta ba ko kaɗan. Mai waldan garinmu ya hau ya leƙa yace sifirin ɗaya ne ya tsinke, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke nauyin ƙofar, wai zafin rana ne ya cinye shi tunda shagon yamma yake kallo, kuma zai ɗinke min shi da walda. In bari ya ɗinke ko in sayi sabo? Damina ta ƙarato manoma sun fara zuwa tambayar taki, bazan iya rufe shago ba.

Mai injin niƙa, Gezawa:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka yarda da waldar nan, ni na gwada. Nawa aka ɗinke, nayi ta murna na rage kashe kuɗi, ko sati biyu bai yi ba ya sake tsinkewa, kuma ba a kan ɗinkin ba, dab da shi ya karye. Na biya kuɗin walda na dawo na sayi sabon da nake gudu.

Mai walda, Haɗeja:
Gaskiya ya faɗa maka Alhaji. Sana'ata ce amma bana yi wa sifirin walda ko nawa za a bani. Shi ƙarfen sifirin tun a kamfani an gasa shi an sanyaya shi ta wata hanya ta musamman, shi yasa yake lanƙwashewa ya dawo yadda yake. Da ka sa masa wutar walda ka ɓata wannan gashin, gefen wurin ya zama ko dai yayi laushi ko ya bushe yana jiran karyewa, shi yasa na ɗan uwanmu na Gezawa ya karye dab da ɗinkin.

Sai maganar zafi, nan ne nake so jama'a su gane. Mu nan Haɗeja a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙofar ƙarfe in rana ta dake ta ko taɓawa baka iya yi, amma ƙarfen da aka gasa da ɗaruruwan digiri wannan zafin baya narka shi baya kashe masa ƙarfi. Gajiya ce ke tsinka shi. Ɗauki waya kayi ta lanƙwasa ta gaba da baya, zaka ga ta tsinke a hannunka ko da a inuwa kake zaune, toh haka sifirin yake, duk buɗewa da rufewa lanƙwasa ɗaya ce. Irin wanda ake sa wa ƙofar gareji, na gama-gari, an ƙiyasta shi ne a kan buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Kai da kake rufewa in zaka sallah, mu ce sau 4 a rana, a shekara 1,460 kenan, kafin shekara 7 ka cinye 10,000 ɗin. Naka ya kai 8, ai yayi ƙoƙari.

Ba wai nace rana bata da laifi ba. Abin da take yi shi ne ta narkar da giris ya tsiyaye, sauran ya bushe, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai ya zama kamar yashi, ƙarfe yana gugar ƙarfe ba mai, in damina ta zo tsatsa ta shiga. Kuma kai taki kake sayarwa, taki yana cin ƙarfe sosai musamman in ya samu danshi, duba ƙasan ƙofarka da kwadon zaka gani.

Direba, Kazaure:
Malam mai walda ni dai ban gama yarda ba. Ƙofar garejina da safe da hannu ɗaya nake ɗaga ta, amma in na dawo wajen la'asar sai na sa ƙarfi tana ƙugi tana cijewa, kullum haka a bazara. In ba zafi ba mene ne?

Mai walda, Haɗeja:
Zafi ne Malam, amma ba a sifirin yake ba. Faifan ƙofar ne suke ɗan buɗewa in sun sha rana, in wanda ya haɗa bai bar sarari a hanyar gefe da take bi ba sai ta riƙa cijewa. Sa a goge maka hanyar a fitar da ƙasar da ta taru, a duba ko ta lanƙwashe. Ni a aikina ma na fi samun kira a kan tsinkewa da sanyin safiya lokacin hunturu.

Mai kayan masarufi, Ɗambatta:
Ni mace ce, shagon a jikin gidanmu yake ni nake zama. Abin da zan ƙara shi ne Alhaji kar ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Mu haka muka yi bara, maigida yace ɗayan ai lafiyarsa ƙalau, sai ƙofar ta koma tana hawa a karkace, ɓangaren sabon yana ja ɓangaren tsohon yana noƙewa, har ta fara cin gefe guda tana fitar da garin ƙarfe. Kullum sai na kira yaron maƙota ya taya ni, ranar Lahadi kuwa da ake cin kasuwa ga mutane tsaye ni ina fama da ƙofa. Bayan 'yan watanni tsohon ma ya tsinke muka sake biyan kuɗin aiki. Tare aka saka su tare suka tsufa.

Manomi, Gumel:
Dan girman Allah duk wanda bai iya ba kar ya hau da kansa. Ƙanena ne, yaro mai ƙoƙari, shi yake gyara mana injin ban ruwa da babur, sai yaga ai wannan ma noti ne kawai. Ya hau tsani yana kwance notin da ya riƙe bututun da ƙofar ke naɗewa a kai, bai san ɗayan sifirin ɗin yana nan a ɗaure da ƙarfinsa ba, ya zura sukundireba a ramin da ake sa sandar ɗaure sifirin don ya tare. Ina ƙasa ina riƙe masa tsani. Ban ga yadda akayi ba, ƙara kawai naji, sukundireban ya fita ya daki kwanon rufi ya huda shi, shi kuma ya faɗo hannunsa na jini. Yatsu biyu suka karye, aka yi masa ɗinki a asibiti, har yau babban ɗan yatsan baya lanƙwashewa sosai. Da fuskarsa abin ya nufa da wani zancen ake yi. Wanda yazo ya ƙarasa aikin daga baya na lura sanduna biyu na ƙarfe yake amfani dasu masu cika ramin daidai, sai ya sa ɗaya ta zauna sannan ya zare ɗaya, kuma bai taɓa sa kansa saitin sandar ba, gefe yake tsayawa. Ya kori kowa daga ƙarƙashin ƙofar kafin ya fara.

Mai shagon taki, Ringim:
Innalillahi, Allah ya ƙara masa lafiya. Wallahi da har ina tunanin in sa babban ɗana ya hau ya ciro min tsohon. Na fasa. Toh a ina zan samu mai kyau?

Mai sayar da siminti, Wudil:
Kano zaka shiga Alhaji, Ƙofar Ruwa wajen 'yan ƙarfe. Amma kar kaje da baki kawai kace a baka sifirin ɗin shata, bari mai aikin ya ciro tsohon ka tafi dashi duka guntayen biyu, ko ma ku tafi tare. Kaurin ƙarfen da faɗin zagayen da tsawon duk sai sun yi daidai da nauyin ƙofarka, kuma wasu akwai na dama akwai na hagu. Ni na taɓa karɓo wanda yafi ƙofata ƙarfi a zatona mai kauri shi ne mai kyau, ƙofar ta riƙa fizgewa sama da kanta, rufewa kuma sai na rataya a jikinta. Kuma ka kula da na hannu da ake wankewa a shafa baƙin mai ya fito kamar sabo, baka san sau nawa aka buɗe dashi ba.

Mai walda, Haɗeja:
Haka ne. In an gama sakawa kar ka sallami mai aikin sai ka gwada a gabansa, ɗaga ƙofar zuwa ƙugunka ka saki a hankali. In ta tsaya ko ta ɗan motsa kaɗan toh ɗaurin yayi, in ta zube ƙasa bai isa ba, in ta gudu sama yayi yawa. Sannan a riƙa goge tsohon giris ana sa sabo kaɗan, ba a lafta ba, ni ina cewa mutane bayan hunturu sau ɗaya, kafin damina sau ɗaya. Waɗanda ruwa ya shiga shagunansu a ambaliyar 2022 ta wajenmu, da yawa ba su duba sama ba tunda ruwan bai kai can ba, amma danshin da ya zauna a ɗakin ya sa musu tsatsa.

Mai shagon taki, Ringim:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Jiya muka shiga Kano da wani mai aikin shata da aka haɗa ni dashi, muka sayo biyu, yau da safe ya saka. Da ya sauko da tsohon na gani da idona, giris ɗin ya zama kamar busasshen laka, wanda bai tsinke ba ma duk tsatsa ta ci cikinsa. Na gwada yadda Malam yace ta tsaya cak a ƙuguna. Buhunan yuriya da ke jingine da bakin ƙofa na sa yara sun mayar dasu ciki can ƙurya. Saura rumfa nake so in yi a gaban shagon saboda ranar yamma, Malam na Haɗeja ta kwano ko ta zana, wacce kake ganin tafi?