Dutsen iska ya ƙi zama a gindin ruwa, latas ɗina na neman lalacewa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini. Kuɗin adashe na ɗauka na fara noman latas a ruwa a bayan gidanmu a unguwar Rikkos a Jos, alhali Baban Hanifa ya yi ta cewa in sayi kaji in huta. Ƙanwarsa ma duk ran da ta shigo sai ta leƙa ta ce ina mai gonar da ba ƙasa. To kun ga in abin nan ya lalace ba ni da bakin magana a gidan. Shuɗin duro na sa aka tsaga mini biyu, na ɗora farin soso mai huji 12 a kan kowane. Dutsen iskan ne ya ƙi zama, wato ɗan dutsen nan na bakin tiyon injin iska da ke sa kumfa a ruwa don jijiyoyi su samu iska. In na ajiye shi a ƙasa da dare, kafin asuba ya taso ya sarƙe da jijiyoyi, yana ta kumfa a lungu guda. 'Yar robar da ke manna tiyo a bango ba ta kwana biyu. Na sa gam, ya ɓare. Jiya na ɗaga soson na ga jijiyoyin gefe ɗaya sun yi ruwan ƙasa, ga yauƙi, ga ɗan wari. Saura sati biyu in cire. Ya zan yi?

Injiniya Sale: Hajiya, ki bar ganin laifin dutse, tiyon ne. A naɗe ake sayar da shi, sanyin Jos na hunturu ya ƙara sandarar da shi, sai ya riƙa komawa yadda ya saba yana ɗago dutsen. Ki tsoma shi a ruwan zafi ki miƙar. Sannan ki samu guntun fayif na roba mai rabin inci, ki ɗura wankakken yashi, ki toshe baki biyu, ki ɗaure tiyon a jikinsa da kebul tai dab da wuyan dutsen. Gam kuwa asara kika yi, robar irin wannan duron ba ta karɓar gam. Shekarata shida ina wannan aiki.

Abu Bukuru: Duk wannan doguwar hanya ce. Aunty ki aika unguwar Dilimi a sayo miki manyan noti biyu, ki zura tiyon ta ciki. Shi ke nan.

Injiniya Sale: Kul! Ruwan taki yana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, 5.5 zuwa 6.5 ake riƙe shi. Cin ƙarfe yake yi. Baƙin noti zai yi tsatsa, mai ƙyallin nan kuma zink zai saki a ruwan. In dole sai noti, to sitenles 304 ko 316.

Abu Bukuru: Nawa wata shida a ruwa, latas bai taɓa kawo mini ƙara ba.

Kawu Garba: 'Yata, a Jos ake neman abin danne tiyo? Garin da duwatsu suka yi mana yawa? Ki tsinci tsakuwa mai santsi ki wanke, ki ɗiga mata ruwan lemun tsami. In ta yi kumfa ki yar, in ba ta yi ba ki ɗaura. Guntun bulo dai kada ki sa, siminti zai tayar miki da pH. Ni abin da ya dame ni ma ba dutse ba ne. Ka sha wahala ka noma, ka kai kasuwar Farin Gada da sassafe, dillali ya taya maka kamar tsintowa ka yi. Satin jiya rabin kwando na dawo da shi, awaki suka ci.

Ummu Sadiƙ: Ku kuna da injin ma. Ni wanda na saya wurin wani a intanet kwana tara ya yi ya mutu, na kira shi ya toshe lambata. Allah ya isa.

Injiniya Sale: Ƙila ba laifinsa ba ne, ruwa ne ya koma ciki. In injin yana ƙasa da ruwa aka ɗauke wuta, tiyo na iya zuƙo ruwan ya juye masa. Maman Hanifa, naki a ina yake? Akwai bawul mai hana ruwa komawa? Kuma me aka taɓa zubawa a duron nan?

Maman Hanifa: A ƙasa yake ƙarƙashin benci. Wayar gajera ce, kuma in na ɗora shi sama yaron nan Khalifa zai janyo. Ai wata guda ke nan ruwa bai taɓa shiga ba. Gam ɗin ma ba na banza ba ne, mai shagon ya ce da shi ake liƙe tanki. Fayif kuwa sai na ɗage soson gaba ɗaya, jijiyoyin sun yi tsawo, tsinkewa za su yi.

Malam Nura: Ki kashe injin kawai. Ki rage ruwan ya bar tazarar yatsa uku ƙarƙashin soso, jijiyoyin sama su sha iska da kansu. Latas ɗina haka yake, ba ruwana da wuta.

Injiniya Sale: Wannan tun daga dashe ake fara shi, Malam, ba a kan jijiyar da ta soma wari ba. Ki datse ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, ki canza ruwan yau yau, ki yi fayif ɗin da na ce. Har yanzu ba ki faɗi abin da ke cikin duron ba.

Maman Hanifa: Canza ruwa kuma? Takin da ya rage bai kai ba. Na dai ɗaura wa tiyon cokula biyu na silba da zare, ya nutse. Na gode.

Injiniya Sale: Ba haka na ce ba. Wane irin cokali?

Abu Bukuru: To da cokali da noti ai duk kanwar ja ce.

Maman Hanifa: An ɗauke wuta, sai an kawo zan ga ko zai zauna.

Ummu Sadiƙ: Don Allah wa ya san mai gyaran ƙaramin injin iska wajen Terminus?